Ba Eli Aka Kira Ba: Magana Ga Iyaye Da Malamai

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Damagaram zuwa Tanut da dare ya san wutar nan da ke ci a saman matatar mai ta SORAZ, a cikin ƙaramar hukumar Ollelewa. Tun da aka buɗe matatar a watan Nuwamba na 2011, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, wutar nan ta shiga mafarkin yaran Damargu. Na yi shekaru ina koyarwa a wannan yanki, kuma duk sa'ad da na tambayi 'yan ajina abin da suke so su zama, amsar ba ta wuce uku: aiki a matata, tuƙin motar dakon mai, ko kuwa bin wannan hanya dai zuwa Agadas, daga can a faɗa Libiya ko Aljeriya. Da wuya ka ji mai cewa malamin makaranta, alhali ga ni tsaye a gabansu da alli a hannu.

A cikin shekarun nan ne wani abu ya faru wanda ya sa nake wannan rubutu. Kiristoci a Damargu ba mu da yawa, akasarinmu aiki ne ya kai mu: wani malamin lakwal, wani ma'aikacin asibiti, wani soja. Ran Lahadi mukan taru a tsakar gidan ɗayanmu, tabarma biyu ta ishe mu. A cikinmu akwai wani ma'aikacin jinya da ɗansa yake ajina. Da sakamakon jarrabawar BEPC ya fito, babu sunan yaron. Ya yi kwana uku a ɗaki ba ya magana da kowa. Ran na huɗu ya fito ya ce wa iyayensa Allah ya kira shi aikin bishara, shi ya gama da boko, a kai shi makarantar Littafi Mai Tsarki.

Uwar ta cika da murna, ta ce addu'arta ce ta karɓu. Uban kuwa ya hau faɗa, domin ya riga ya yi magana da wani direban motar mai zai ɗauki yaron ya koya masa tuƙi. Da dare ya yi sallama a gidana, ya ce, "Mushe, kai yake jin maganarka. Ka gaya masa ya bar wannan shirmen." Washegari uwar ta tare ni a ƙofar gida, ta ce, "Mushe, don girman Allah kada ku tare wa yaron nan hanya." Kowannensu so yake in zama bakin Allah, amma a gefensa.

Abin da na fahimta daga wannan rana, wanda kuma nake so in ajiye a gaban iyaye da 'yan'uwana malamai, shi ne: rabonmu a sha'anin kira shi ne mu koya wa yaro yadda ake saurare, mu kuma ba shi lokacin yin sauraren. Amsa kiran ba namu ba ne.

Littafin Sama'ila na fari, sura ta 3, ya ba da labarin da kowane ɗan makarantar Lahadi ya sani. Sama'ila yana yaro, yana hidima a Shilo a hannun tsoho Eli wanda idonsa ya fara dushewa. Da dare ya ji an kira sunansa, ya ruga wurin Eli, tsohon ya ce ba shi ba ne, ya koma ya kwanta. Haka har sau uku. A na ukun Eli ya gane abin da ake ciki, sai ya koya wa yaron yadda zai amsa in an sake kira. Mun saba jin labarin daga wajen yaron. Ni dai tsohon nake dubawa. Eli shi ne babban firist, shi ya fi kowa sanin sha'anin Allah a wurin, duk da haka bai ce bari in tashi in ji maka ba, bai kuma ƙaga wa yaron saƙo ba. Ya mayar da shi shimfiɗarsa ya saurara da kunnensa. Da gari ya waye, saƙon ya zama hukunci ne a kan gidan Eli kansa, tsohon ya sa yaron ya faɗa masa duka, ya kuma karɓa. Uban da yake so ɗansa ya ji muryar Allah, to ya shirya jin abin da ba shi ya so ba.

Kafin mu zo ga yadda ake sauraren, akwai wata gurguwar fahimta da ya kamata mu kawar. A wurin da yawa daga cikinmu, in an ce kira, to fasto ko mai bishara ko fada ake nufi. Sauran ayyuka neman tuwo ne kawai. Daga nan ɓarna iri biyu take fitowa. Yaron da ya gaza a boko sai a tura shi aikin ikkilisiya don ya sami rufin asiri, yarinyar da take da baiwar lissafi ko jinya kuma sai ta ɗauka Allah ba shi da wata magana da ita. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Amos makiyayi ne, Luka likita, Lidiya 'yar kasuwa mai sayar da tufafi, Dokas ɗinki take yi wa gwauraye, Bulus ma da sana'ar ɗinkin tanti ya ciyar da kansa a Koranti. A shekarar 1520 Martin Luther ya yi jayayya a kan wannan batu a Jamus, ya nuna cewa baduku da maƙeri da manomi kowanne yana da hidimarsa a gaban Allah kamar yadda firist yake da tasa. Ko a ƙasarmu, mishan ɗin SIM ya iso Damagaram a 1924, amma in ka tambayi mutumin karkara abin da ya sani game da Kiristoci, sau da yawa asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 zai fara ambata maka. Hannun da ya ɗaure masa ciwo shi ya tuna.

To, yaya ake sauraren? Ikkilisiya ta daɗe da hanyoyinta, ba kuma sai da kuɗi ko babban ilimi ake bin su ba.

Na farko shi ne shiru. Annabi Iliya ya tsaya a Dutsen Horeb, iska mai ƙarfi ta wuce, ƙasa ta girgiza, wuta ta ci, amma a cikin wata 'yar siririyar murya ya ji Ubangiji. Yesu kansa ya kwana yana addu'a a kan dutse kafin ya zaɓi manzanninsa goma sha biyu. Yaranmu na yau ba su san shiru ba. Daga farkawa har barci waya tana hannu, abokin da ya tafi Libiya yana aiko da hoto a jikin motar da ba tasa ba. Zuciyar da take cike da wannan hayaniya ba za ta rarrabe muryar Allah da muryar kwaɗayi ba. Abin da uba zai iya yi mai sauƙi ne: a ware minti goma sha biyar da asuba ko bayan tuwon dare, a ajiye waya, yaro ya karanta ɗan guntun nassi a hankali, sau biyu ko uku, ya zauna da shi, sa'an nan ya yi addu'a da bakinsa. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, ba a buƙatar tafinta. Uban ma ya ajiye tasa wayar, domin yaro abin da ya gani yake yi.

Na biyu shi ne binciken zuciya kowace rana. A nan 'yan'uwanmu Katolika suna da gādo mai daraja daga Ignatius na Loyola. Soja ne ɗan ƙasar Spain, harsashin igwa ya farfasa masa ƙafa a yaƙin Pamplona a 1521. Yana kwance yana jinya wata da watanni, sai ya lura da wani abu a kansa. In ya yi tunanin suna da jarumtaka da mata, yakan ji daɗi a lokacin, amma da tunanin ya wuce sai ya bar shi a bushe. In kuwa ya yi tunanin bin sawun bayin Allah, daɗin yakan zauna ko bayan tunanin ya wuce. Daga wannan lura ya gina koyarwarsa. Abin da ya bar wa mabiyansa shi ne kowane dare mutum ya yi godiya, ya bi ranar daga safe zuwa dare, ya duba inda ya ji zuciyarsa ta buɗe ga Allah da mutane, da inda ya ji ta ƙuntata, ya nemi gafara, ya roƙi taimako don gobe. Na sa yaron nan ya sayi ƙaramin littafin rubutu, kowane dare ya rubuta layi biyu: me ya ba ni rai yau, me ya rage mini rai? Rana ɗaya ba ta nuna komai. Wata uku kuwa sai ka ga sawu ya fito kamar hanyar shanu zuwa rijiya.

Na uku, kuma shi ne ya fi shafar yaronmu, kada a yanke babbar shawara a cikin baƙin ciki. Ignatius ya ja kunne ƙwarai a kan wannan, cewa lokacin da zuciya take cikin duhu ba lokacin sauya hanya ba ne. Wanda ya faɗi jarrabawa, wadda saurayi ya yaudara, wanda aka kora daga aiki, duk abin da ya ji a kwana ukun farko yana iya zama kunya ce ta sa rigar kira. Ban ce wa yaron ƙarya yake yi ba, don ban san abin da ke tsakaninsa da Allah ba. Na ce masa, "Ɗana, in Allah ne ya kira ka, kiran ba zai ruɓe kafin kaka ba. Mu bari a yanke hatsi, sa'an nan mu sake zama." Shawulu ya ga haske a hanyar Dimashƙu, amma sai bayan shekaru masu yawa ikkilisiyar Antakiya ta ɗora masa hannu ta aike shi tare da Barnaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu shi ne gwaji, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai cewa an kira shi koyarwa, a ba shi yara biyar ya koya musu karatu a lokacin hutu. Mai son jinya ta je ta kwana da mara lafiya, ta ga jini da amai. Mai son aikin ikkilisiya ya share wurin sujada, ya ziyarci tsofaffi, ya raka fasto gidan rasuwa, ya ga cewa wa'azin Lahadi ɗan ƙaramin yanki ne na aikin. A kuma gaya masa gaskiyar wahalar. Mu da muke jihar Damagaram ba mu manta da ranar 16 ga Janairu 2015 ba, da aka ƙona majami'u a cikin birni, ba mu kuma manta da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu ba. Aikin ikkilisiya a ƙasar nan ba inuwa ba ce da mai gudun rana zai fake a ciki.

Na biyar shi ne shaidar jama'a. A Antakiya ikkilisiya ce take sujada da azumi sa'ad da aka keɓe Barnaba da Shawulu. Timoti ma sai da 'yan'uwa na Listira da Ikoniya suka yi masa kyakkyawar shaida kafin Bulus ya tafi da shi. Kiran da mai shi kaɗai yake gani, abin tuhuma ne. Akwai wata al'ada ta Kiristocin da ake kira Quakers a Ingila da Amurka da ta dace da mu ƙwarai: mai neman haske yakan tara mutum huɗu ko biyar da ya amince da su, su zauna tare, sharaɗin kuwa shi ne ba mai ba shi shawara, tambayoyi kawai za su yi masa. Na san wannan zai yi wa dattijon Bahaushe wuya, mu da muka saba cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Karin maganar gaskiya ce a sha'anin duniya. Amma babba yana hango rami ne a kan hanya, ba ya hango abin da aka ajiye a zuciyar yaro. Tambayi ɗanka: me ya sa yanzu? In babu albashi mai kyau, za ka ci gaba? In ƙanenka ne ya zo maka da wannan magana, me za ka ce masa? Sa'an nan ka yi shiru ya amsa.

Na shida shi ne a buɗe ido a dubi abin da ƙasa take bukata. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostareliya da ya zo Maraɗi a ƙarƙashin SIM a farkon shekarun 1980. Ya yi ta dasa itatuwa, mafi yawansu suna mutuwa, har ya kusa fid da rai. A 1983, yana kan hanya da dashe a mota, ya tsaya ya rage iskar taya saboda rairayi. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa a nan ya yi addu'a Allah ya buɗe masa ido. Da ya duba wani ɗan tsiro a bakin hanya, sai ya gane daga ganyensa cewa kututturen itace ne da aka sare yake ƙoƙarin tofowa, saiwarsa tana nan da rai a ƙasa. Daga nan aikinsa ya koma ƙarfafa manoma su bar tohon, su rage rassa, su kare shi, abin da muke kira sassabin zamani. Manoman Maraɗi da Damagaram ne suka ɗauki abin suka yaɗa shi gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta an farfaɗo da kimanin eka miliyan 12, wato hekta miliyan 5. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood. Amsar addu'arsa tana gefen tayar motarsa tun tuni. Yaron Ollelewa da yake tambayar abin da Allah yake so da shi, ya dubi ajin da ba malami, ya dubi mai naƙudar da ake ɗorawa a amalanke, ya dubi garken da ba mai yi masa allura. Inda baiwarsa ta haɗu da ɗaya daga cikin waɗannan, ya tsaya a wurin ya yi addu'a da kyau.

Na san abin da wani uba zai ce: "Mushe, wannan maganar masu ƙoshi ce. Rumbu ya ƙare tun kafin damina, kana ce mini yaro ya zauna yana rubuta abin da ya ba shi rai?" Ba zan raina wannan magana ba, don na zauna a Damargu, na ga shekarar da hatsi bai yi ba. Gaskiya ne talaka ba shi da ƙofofi da yawa. Amma wanda ƙofofinsa biyu ne kacal shi ya fi bukatar natsuwa, domin in ya kuskure ba shi da abin gyarawa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Ba na zargin wanda yunwa ta kora. Abin da nake cewa shi ne tafiyar da ake sa rai a cikinta ta cancanci wata guda na addu'a da shawara kafin a hau mota. Kuma ciyar da iyaye da ƙanne shi ma yana iya zama kira. Yaron da ya zaɓi tuƙi don ya riƙe gidansu, da idonsa a buɗe, bai gaza wanda ya tafi makarantar fastoci ba.

Ina kuma roƙo a sa 'ya'ya mata a wannan lissafi. A Nijar kusan uku cikin huɗu na 'yan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Aure abu ne mai tsarki, shi ma kira ne. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, mu Kiristoci ma: yaushe rabon da uba ya zaunar da 'yarsa ya tambaye ta abin da take ji an halicce ta domin ta yi? Garuruwanmu suna kukan rashin ungozoma da malamai mata, alhali waɗanda za su zama su muna cire su daga aji tun ba su san baiwarsu ba.

'Yan'uwana Musulmi, ku ne mafi yawan masu karanta wannan, na kuma san abin ba baƙo ba ne a wurinku. Kuna da istihara, kuna da shawara, kun san ba a gaggawa a babban al'amari. Bangaskiyarmu ta bambanta, amma ajinmu ɗaya, kasuwar Bakin Birji ɗaya muke ci, wutar matata ɗaya 'ya'yanmu suke kallo. Malami kowane iri ne zai iya ce wa ɗalibi: ka natsu, ka roƙi Allah, ka gwada, ka tambayi na gaba.

Ga yadda ta kaya da yaron. Da aka yanke hatsi muka zauna, ni da shi da iyayensa da wani dattijo. Ya kawo ɗan littafinsa. Abin da ya fi maimaituwa a ciki shi ne yamman da yake tara yaran unguwa yana koya musu karatu a kan rairayi. Shi da bakinsa ya ce zai koma aji. Ya sake zama jarrabawa, ya samu. Yau malami ne a wani ƙauye ta wajen Belbeji, a aji na zana, ran Lahadi kuma shi yake jagorantar addu'a ga mutum shida ko bakwai. Uban har yanzu yana gunaguni cewa da tuƙi ya koya da ya gina gida. Uwar har yanzu tana sa rai zai zama fasto. Shi ma bai rufe wannan ƙofa ba, da muka yi waya kwanan baya ya ce, "Mushe, ina nan ina saurare."

Iyaye da malamai, sakamakon jarrabawa zai sake fitowa bana, wani yaro zai sake shiga ɗaki ya rufe ƙofa. In ya fito da magana, kada mu yi guɗa, kada kuma mu hau faɗa. Mu shimfiɗa tabarma, mu ce ya zauna, mu yi addu'a tare, mu sa ranar da za a sake zama. Allah ya ba mu haƙurin Eli, ya ba 'ya'yanmu kunnen Sama'ila. Amin.